Katin kashbak ko katin makin jirgi: amsa ga wani magidanci a Amurka

Tambaya: Shekarata huɗu a Amurka, ina da mata da 'ya'ya uku, kuma duk hidimar gida da katin cire kuɗi nake yin ta. Yanzu ina so in karɓi katin bashi, amma na rasa wanda zan ɗauka: wanda ke maido wa mutum wani kaso na abin da ya kashe, ko wanda ake tara maki a yanki tikitin jirgi da su. Abokina ya ce da maki ya je Dubai ya dawo. Mu kuwa mukan je Kano duk bayan shekara biyu. Wanne ya fi?

Amsa: Malam, sannu da ɗawainiya, Allah Ya raya zuri'a. Na daɗe ina zama da mutanen da bashin kati ya sha wa kai, mu baje takardu a tebur mu yi ta lissafi, saboda haka ba zan yi maka kwana-kwana ba. Ga mai iyali irinka, katin da ke maido da kuɗi, wanda suke kira kashbak, shi ya fi. Ka nemi wanda ba a biyan kuɗin shekara a kansa, mai maido da kashi 2 cikin 100 na duk abin da ka saya, sannan ka riƙa biyan bashin wata gaba ɗaya kafin ranar wa'adi. In ka san wannan sharaɗi na ƙarshe zai gagare ka, ka riƙe katinka na cire kuɗi, babu abin da ka rasa.

Bari in fara da inda kuɗin ke fitowa, don in ka gane wannan sauran maganar ba za ta yi maka wuya ba. Ka san gyara a kasuwa. Mai tumatir in ya ɗora maka biyu a kan kashi, tun da safe ya riga ya sa su a lissafinsa. To kashbak gyara ce. Duk sanda ka goga katin bashi a shago a Amurka, ana cire wa mai shagon abin da ya kai kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na cinikin, kuma kaso mafi tsoka na tafiya aljihun bankin da ya ba ka katin. Daga nan bankin ke ɗibar abin da zai maido maka. Mai shago kuma ba ya yarda ya yi asara, sai ya ɗora a farashi, kowa ya biya, da mai kati da mai tsabar kuɗi. Wato shekara huɗun nan da ka yi kana cefane da katin cire kuɗi, kana cikin masu biya wa wasu gyara kai ba ka karɓa. A Turai tun 2015 doka ta ƙayyade kason bankin a kan kashi 0.3 cikin 100, shi ya sa 'yan'uwanmu na Ingila da Jamus ba sa ganin irin wannan garaɓasa a katunansu. Tsarin ya daɗe a nan: kamfanin American Airlines ya fara raba wa fasinjoji makin tafiya a 1981, katin Discover kuma ya shahara da maido wa mutane tsabar kuɗi tun 1986.

Yanzu mu zo kan lissafi. Mu ƙaddara kana kashe dala 2,500 a wata ta kati: cefane, man mota, kayan yara, wayar salula, inshorar mota, magani. A shekara dala 30,000 ke nan. Katin kashi 2 zai maido maka dala 600, ba ka biya ko sisi don riƙe shi ba, ba ka kuma haddace wani sharaɗi ba.

Ɗauki katin tafiya na matsakaita, irin Chase Sapphire Preferred, mai kuɗin shekara dala 95. Yana ba da maki 3 a kan kowace dala a gidan abinci, 2 a kan tikiti da otal, amma a mafi yawan sauran sayayya maki 1 ne tak. Gidan da uwargida ke girki kullum, nawa yake kashewa a gidan abinci? Nawa yake kashewa a otal? Kuɗinku a shinkafa da nama da fetur da takalman makaranta yake ƙarewa, wato a layin maki 1. Ko na yi maka karamci, abin da za ka tara a shekara bai wuce maki 36,000 ba. In ka mai da su kuɗi a kan senti 1 kowane maki, dala 360 ne, ka cire 95, saura 265. Kafin katin nan ya kamo na kashbak, sai kowane maki ya saya maka abin da ya kusan kai senti 2. Ana samun haka, ban ce ba a samu ba. Amma a wace irin tafiya ake samu? Nan gizo ke saƙar.

Maki ba dala ba ne. Kuɗi ne da kamfani ke bugawa da kansa, shi ke yanka masa daraja, kuma yana iya rage ta ranar da ya ga dama ba tare da ya shawarce ka ba. A da kamfanonin jiragen Amurka na buga jadawali a fili: tafiya kaza, maki kaza. Delta ta cire nata a 2015, United ta bi sahu a 2019. Yanzu farashin tikitin maki na hawa da sauka kamar na kuɗi, lokacin da kowa ke son tafiya shi ne lokacin da yake tashi. Kai da ka san yadda ajiyar naira a ƙarƙashin katifa take ƙarewa, ba sai na yi maka dogon bayani a kan tara abin da wani ke da ikon karya darajarsa ba. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Sai kuma irin tafiyarmu, wadda ita ce ta fi sa ni nace wa wannan shawara. Masu cin moriyar maki da gaske mutum ɗaya ne ko biyu, masu iya tashi ranar Talata a watan Fabrairu in a ranar aka samu gurbi, suna neman kujerar alfarma zuwa manyan biranen da jirage ke zirga-zirga sau da yawa a yini. Kai kuwa ku biyar ne. Ba ku da lokaci sai hutun makaranta, tsakanin Yuni da Agusta ko ƙarshen Disamba, daidai lokacin da duk 'yan Afirka ta Yamma ke rububin komawa gida. Kujerun da kamfanoni ke warewa a farashin maki mai sauƙi kaɗan ne a kowane jirgi, samun biyar a rana guda a wannan lokaci sai an yi sa'a babba. Ga shi babu jirgin da ke tashi daga Amurka ya dire Kano kai tsaye. Delta na zuwa Legas daga Atlanta, United na zuwa daga Washington, amma mai son sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano yakan bi ta Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha, da jiragen Ethiopian ko EgyptAir ko Qatar Airways. Ana iya yankar tikitinsu da maki ta hanyar ƙawancen kamfanoni, Ethiopian da EgyptAir ƙungiya ɗaya suke da United, amma sai an samu gurbi a kowane zango na tafiyar, zuwa da dawowa, na mutum biyar. Kuma makin da za ka tara a shekara biyu, in an yi sa'a, tikitin mutum ɗaya ne ko kusa da haka. Sauran huɗun da kuɗi za ka saya, a jirgin da makin ya ɗaure ka a kansa, ko da wani kamfanin ya fi shi araha a makon. Tikitin makin ma ba kyauta ba ne ɗungurungum, akwai haraji, wasu kamfanonin kuma, musamman masu bi ta Landan, na ɗora ƙarin kuɗi mai nauyi.

Dala 1,200 da katin kashbak zai tara maka a shekara biyun nan ba ruwanta da gurbi. Kowane kamfani zai karɓa, a kowace rana, in kuma tafiyar ta fasa, ta shiga kuɗin gyaran mota ko na asibiti.

Abokinka bai yi maka ƙarya ba. Yawanci irin wannan tafiya daga kyautar shiga take fitowa: banki ya ce ka kashe dala 4,000 cikin wata 3 na farko a ba ka maki 60,000 ko fiye. A shekarar farko wannan ya fi duk abin da katin kashbak zai bayar, gaskiya ɗaya ce. Sai dai sau ɗaya ake ci, kuɗin shekara kuwa yana nan yana dawowa, kuma ba ya tsayawa wuri guda. Chase Sapphire Reserve ya fito a 2016 a kan dala 450, ya koma 550 a 2020, a 2025 ya kai 795. Katin Platinum na American Express ya tashi daga 695 zuwa 895 a shekarar ta 2025. Suna haɗa wa mutum da rangwame iri-iri, na otal, na gidan abinci, da izinin shiga ɗakin hutawa a filin jirgi. Ga wanda aikinsa ke sa shi hawa jirgi sau biyu a wata, wannan na iya biyan kansa har da ƙari. Ga wanda ke shiga filin jirgi sau ɗaya a shekara biyu da yara uku da akwatuna goma, biyan kuɗin abin da ba zai mora ba ne, ko kuma ya ƙirƙiro wa kansa kashe-kashen da ba ya yi da don kar rangwamen ya wuce shi. Wannan na biyun shi na fi gani.

Akwai wani bawan Allah da ba na mantawa da shi. Direban babbar mota ne, mutum mai kirki, ya zo wurina da takardar lissafin wata ya ninke ta huɗu a aljihun riga. Kafin ya miƙo ta sai da ya buɗe waya ya nuna mini makin da ya tara, fuskarsa cike da fara'a, yana so ya kai mahaifiyarsa Umara da su. Da muka warware takardar, ana bin sa dala 7,000, kuɗin ruwa kashi 24 cikin 100. Na ɗora yatsa a kan layin na ce ya karanta: dala 140 a wata guda, ba ta rage ko ƙwandala daga uwar bashin ba. Sannan na nuna masa ɗan akwatin da dokar 2009 ta tilasta wa bankuna bugawa a kowace takarda, mai faɗin shekara nawa mutum zai yi yana biya in mafi ƙarancin abin da aka nema kaɗai yake turawa. Ya daɗe yana kallon wurin bai ce uffan ba. Daga baya ya ce shekara biyu yana karɓar takardar nan bai taɓa duba wannan kusurwa ba. Kuɗin ruwan da ya zuba a shekara biyun ya isa ya sayi tikitin da yake buri da kuɗi a hannu. Garin neman gira ya kusa rasa ido, kuma har yau abin na taɓa mini zuciya, don niyyarsa mai kyau ce.

Wannan haɗari bai bar katin kashbak ba, kar ka ce ban faɗa maka ba. Matsakaicin kuɗin ruwan katin bashi a Amurka ya haura kashi 20 cikin 100 tun 2023, shekarar da jimillar bashin kati na ƙasar ta zarce dala tiriliyan 1. In ka bar dala 3,000 tana kwana a kati a kan kashi 22, kuɗin ruwanta a shekara dala 660 ne. Ka ga gyararka ta dala 600 ta tafi, har ka ciko daga aljihu. Kuma da zarar ka bar saura, yawancin katuna na janye maka lamunin kwanakin da ba a lissafa ruwa, sabon cefanen da ka yi yau ya fara haihuwa tun daga yau. Sannan kati na sa hannu ya saki. Wasu malaman jami'ar MIT, Drazen Prelec da Duncan Simester, sun wallafa wani gwaji a 2001 inda aka yi gwanjon tikitin wasan ƙwallon kwando, waɗanda aka ce da kati za su biya suka taya kusan ninki biyu na abin da masu biyan tsaba suka taya. In kati ya sa kashe-kashenka ya ƙaru da kashi 5, gyarar kashi 2 ba ta tsinana maka komai ba. Abin da ya sa duk da haka na fi natsuwa da kashbak shi ne ba ya sa wa mutum buri. Babu wanda ke mafarkin dala 50 ta wata, amma na ga masu mafarkin kujerar alfarma suna sayen abin da ba su buƙata don maki ya cika.

Ga batun da na san yana ranka ko da ba ka rubuta ba: halasci. Ni ba malami ba ne, zan dai gaya maka yadda maganar take. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi mu'amala da katin bashin da aka gindaya sharaɗin kuɗin ruwa a cikinsa ba, ko da mutum ya ƙudurta biya kafin ruwan ya hau. Wasu malamai mazauna ƙasashen Yamma sun yi rangwame saboda buƙata, ganin cewa hayar gida da ta mota da abubuwa da dama a nan na rataye da tarihin biyan bashi, bisa sharaɗin mutum ya tabbata ba zai taɓa barin ruwa ya hau kansa ba. Ka zauna da malamin da ka yarda da iliminsa da tsoron Allahnsa, wanda ya san yanayin ƙasar nan, kafin ka sa hannu. Ka lura dai da abu guda: ko masu sassaucin ba su ba da ƙofar barin saura a kati ba.

In ka yanke shawarar karɓa, zaɓin ba shi da wahala. Wells Fargo Active Cash da Citi Double Cash duka kashi 2 suke bayarwa ba kuɗin shekara. Na Citi yana ba ka 1 in ka saya, 1 in ka biya. Ɗaya daga cikinsu ya ishe ka. Tunda gidanka gidan cefane ne, za ka ji ana yabon Blue Cash Preferred na American Express, mai kashi 6 a manyan shagunan kayan abinci har zuwa dala 6,000 a shekara, da kuɗin shekara dala 95. In ka cika ma'aunin, 360 ne, a cire 95, saura 265. Ƙaninsa Blue Cash Everyday kashi 3 ne kyauta, wato 180. Sai cefanenka a irin waɗannan shaguna ya wuce kimanin dala 265 a wata kafin mai kuɗin shekarar ya fi. Amma duba inda kuke cefanen tukuna. Banki ba ya ganin abin da ke cikin kwandonka, lambar rukunin shagon kawai yake gani. Shagunan Walmart da Target ba sa cikin wannan kashi 6 ɗin. Costco ba ya karɓar katin bashi a shagunansa sai Visa. Shagon 'yan Afirka inda kuke sayen garin tuwo da manja da daddawa, da mahaucin halal na unguwa, wani an yi masa rajista a matsayin shagon abinci, wani a'a, wani ma ba ya karɓar American Express sam. In rabin cefanenku a waɗannan wurare yake, katin kashi 2 na bai-ɗaya ya fi maka kwanciyar hankali. Irin su Discover it, masu kashi 5 a rukunin da ke sauyawa duk wata 3 har zuwa dala 1,500, na da kyau ga mai son bin diddigi, amma sai ka tuna ka kunna rukunin kowane zango, in ka manta kashi 1 za ka samu.

Tunda na ambaci mahauci: in ka ga ya manna 'yar takarda a jikin na'ura cewa ba a goga kati ƙasa da dala 10, ko ya ƙara kashi 3 ga mai kati, ba rowa ba ce, abin da ake yanka masa yake gudu. A irin wannan wuri ni tsaba nake biya. Biyan ƙarin 3 don a maido maka 2 asara ce, kuma ƙaramin ɗan kasuwa ya fi banki buƙatar canjin.

Wurare uku kada katin nan ya leƙa. Na farko, tura kuɗi gida. Bankuna da yawa na ɗaukar aiken kuɗi da katin bashi a matsayin cirar tsaba: a caje ka har kashi 5 nan take, ruwa ya fara hawa daga ranar ba lamuni, kuma babu gyara ko ta senti ɗaya. Kuɗin Hajiya da na makarantar ƙanne daga asusunka na banki za su fita. Haka kuɗin haya, don galibin masu gidaje na ɗora kusan kashi 3 ga mai biya da kati. Sai kuma lokacin da kuka je gida: katunan kashi 2 da na ambata duka suna cajin kashi 3 a kan sayayya a ƙasar waje. In kana son abin gogawa a otal a Abuja ko filin jirgin Doha, katunan Capital One, irin Quicksilver mai kashi 1.5, ba sa wannan caji. A kasuwar Kwari da Sabon Gari kuwa ka san tsaba da tiransifa ke aiki, katin Amurka hutawa zai yi a jaka.

Mai yiwuwa tunda ba ka taɓa cin bashi a ƙasar nan ba, banki ya ƙi ba ka waɗannan katuna a karon farko, don ba ka da tarihi a ma'aunin FICO, lambar nan da bankuna ke auna yadda mutum ke biyan bashi da ita, mai tashi daga 300 zuwa 850. Kada ka bi bankuna biyar kana cike takarda a mako guda, kowace nema na ɗan rage lambar. Ka fara da katin jingina: ka ajiye dala 200 ko 300, a ba ka kati daidai ajiyarka, ka riƙa zuba mai da shi kana biya. Kashi 35 cikin 100 na ma'aunin biya kan lokaci ne, kashi 30 kuma yawan abin da ake bin ka idan an gwada da iyakar da aka yanka maka. Cikin wata 6 zuwa shekara ƙofa za ta buɗe. Masu cewa sai ka bar ɗan saura a kati lambar ke hawa, kar ka saurare su, biya cif shi ma ana rubuta shi a tarihinka.

Ranar da katin ya iso, kafin ka sayi ko biredi da shi, ka shiga manhajar bankin ka saita biyan da ke fita da kansa, ka zaɓi cikakken bashin wata, ba mafi ƙaranci ba, don shi wasu bankuna ke sa wa a gaba. Ka matsar da ranar biya ta faɗo kwana biyu ko uku bayan shigar albashi. Ka nuna wa uwargida yadda ake duba abin da aka ci, tunda tare kuke kashewa. Sharuɗɗan katuna na sauyawa, don haka ka karanta ɗan teburin kuɗin ruwa da caje-caje da ke gaban takardar yarjejeniya da idonka. Gyarar kuma kar ka bar ta ta taru a wurin banki: duk wata ka kwashe dala 50 ɗin nan ka zuba a wani asusu dabam da ka sa wa suna kuɗin jirgin Kano, in lokacin hutu ya matso ka duba kamfanin da ya fi araha a makon da yara suka tashi daga makaranta.